Tunda an ce kwastam ta koma kwamfuta, me yasa kwantenata take kwana a tasha?

Tambayar Alhaji a taƙaice: yana shigo da kayan sola da batura daga Chana zuwa Kano, da ta hannun ƴan kago yake yi ana auna masa a kilo, yanzu Allah ya buɗa ya fara ɗauko kwantena tasa shi kaɗai. Kullum yana ji a rediyo wai kwastam an koma intanet an daina yawo da fayil, amma kwantenarsa ta ƙarshe sai da ta haura sati uku a Legas, ya biya damareji, wato tarar da kamfanin jirgi ke caja in kwantena ta daɗe, kamar ya yi kuka. Shine yake tambaya, wai komawa kwamfutar nan gaskiya ce ko dai zance ne kawai?

Alhaji Allah ya ƙara buɗi. Gaskiya ce, ba zance bane, ni da na fara aikin fito, wato fitar wa mutane kaya daga tasha, tun zamanin da ake bin layi a longurum, zauren karɓar takardu na kwastam, da fayil a hammata ba zan iya cewa ba a samu canji ba, in na faɗi haka na yi ƙarya. Amma akwai abin da ba a gaya muku a rediyo, kwamfuta tana yi wa wanda takardunsa suka daidaita tun kafin kaya su hau jirgi sauri ne kawai. Wanda nasa suka karkace kuwa wallahi gara masa zamanin da, don da in akwai kuskure a takarda kana iya tsayawa gaban tebur ka yi bayani a gyara da biro, yanzu kuwa na'ura bata jin "don Allah", in lamba ɗaya bata yi daidai da ƴar uwarta ba zata tsaya cak, kuma duk kwanan da ta tsaya kuɗi ne yake hawa kanka.

Bari in ɗan koma baya kaɗan don ka ga daga inda aka taso. Manhajar farko da kwastam ɗinmu ta fara aiki da ita sunanta ASYCUDA, hukumar UNCTAD ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta ƙirƙire ta a farkon shekarun 1980, kuma abin sha'awa ƙungiyar ECOWAS ce ta nemi a taimaka mata da lissafin kayan da ke shiga da fita shine aka yi ta. Ita ce dai maƙwabtanmu na Nijar suke kira SYDONIA da Faransanci, in ka taɓa fito a Maraɗi ko Birnin Ƙonni ka ji sunan. Mu ta iso mana a ƙarshen shekarun 1990, daga baya aka koma NICIS, sai NICIS II wajen 2017, yanzu kuma ga B'Odogwu wadda aka fara gwadawa a tashar PTML ta Legas a ƙarshen 2024 sannan aka bi sauran wurare da ita. A gefe guda kuma har zuwa 2006 a can ƙasar da ka sayi kaya ake duba su kafin a loda, kamfanonin waje ne suke yi, daga 2006 aka dawo da dubawar nan gida amma dai a hannun ƴan kwangila irin su Cotecna da SGS, sai a Disamban 2013 zamanin Abdullahi Dikko Inde kwastam ta karɓi abinta da kanta ta fito da takardar ƙimanta kaya da ake kira PAAR. Ita ma dokar da ake aiki da ita tun 1958 sai a 2023 aka canza ta da sabuwa, to kaga shekara da shekaru ana aikin kwamfuta da dokar da aka rubuta lokacin da ko tafireta ba kowane ofis ke da ita ba.

To yanzu ga yadda hanyar take, ka bi ni a hankali don a nan amsar tambayarka take.

Kafin ka ce wa mai kayanka na Gwangzu a Chana ya loda, dole ka buɗe Fom M, takardar neman izinin shigo da kaya, ta bankinka a shafin intanet na kasuwanci, da sunan kamfaninka da lambar harajinka ta TIN, ka ɗora rasit ɗin farko da mai kaya ya baka da takardar inshora ta kamfanin cikin gida, in kuma kayan na cikin waɗanda hukumar ingancin kaya ta SON ko NAFDAC ke sa ido a kansu sai ka haɗa da takardarsu. Naka kayan batura da inbata da wayoyi duk suna ƙarƙashin SON, akwai takardar shaidar kaya da ake buɗe Fom M da ita, akwai kuma ta SONCAP da ake buƙata a gaba wajen fitar da PAAR, biyu ne ba ɗaya ba kuma mutane da yawa a nan suke faɗuwa. In kaya sun hau jirgi mai kaya zai turo rasit na ƙarshe da jerin abin da ke cikin kwantena da takardar jirgi da shaidar ƙasar da aka ƙera kayan, banki ya ɗora wa kwastam, su kuma su duba su fitar da PAAR. Ma'anar sunan ma kenan, rahoton ƙimar kaya kafin isowa. Jirgi daga Chana zuwa Legas yana cin sati da yawa a ruwa, wannan lokacin aka baka kyauta don ka gama komai. Shi kuma kamfanin jirgi zai tura nasa jerin kayan da ya ɗauko ta intanet. Jirgi na tsayawa ejan ɗinka, wato wakilin da ke fito maka da kaya, ya shigar da takardar bayyana kaya wadda muke cewa SGD, na'ura ta lissafa juti wato harajin kwastam ta fitar da takardar biya, ka biya a banki, kuɗin ya nuna a na'ura nan take, sannan ta zaɓa maka layi.

Yanzu tambayata gareka Alhaji, kuma ka amsa wa kanka tsakaninka da Allah, yaushe PAAR ɗinka ta fito? Kafin jirgi ya iso ko bayan ya sauke? In bayan ya sauke ne to mun gano ɓarawon sati biyu daga cikin ukun nan. Yawancin ƴan uwanmu na Kano da suka taso daga kago zuwa kwantena haka suke yi, sun saba a kira su a ce kaya sun iso a zo a ɗauka, to sai su zauna sai an ce jirgi ya tsaya sannan a fara neman ejan, a fara neman SONCAP, ashe ba a fafe gora ranar tafiya. Kamfanin jirgi ƴan kwanaki kaɗan yake baka kyauta, daga nan damareji ya fara, ita ma tashar da aka ajiye kwantenar tana lissafa kuɗin ajiya nata daban kuma kullum ƙaruwa yake ba tsayawa wuri ɗaya ba. Kuma ka lura, waɗannan kuɗaɗen biyu ko sisi baya shiga aljihun kwastam, mutane suna haɗa su duka su ce "kwastam sun cinye ni".

Sai maganar lambar HS, wadda in da za a ce in zaɓi abu ɗaya da kowane ɗan kasuwa zai haddace kamar lambar wayarsa to ita ce. Duk wani kaya a duniya yana da lamba, guda 6 na farko iri ɗaya ne a ko'ina, hukumar kwastam ta duniya da ke Burasels ce ke kula da su, mu a ECOWAS an ƙara ta kai 10. Wannan lambar ita ke gaya wa na'ura kashi nawa zaka biya, kuma matakan biyar ne, 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin ɗari. Ɗauki misali kayanka da kuɗin jirgi da inshora sun tashi naira miliyan 50, in lambar ta faɗa a 5 jutinka miliyan 2 da rabi, in ta faɗa a 20 miliyan 10 ne, ga VAT na 7.5 da ake ɗorawa a kan jimillar duka har da jutin, ga sauran ƙananan kuɗaɗe. Kaga lamba ɗaya ta raba ka da miliyan bakwai da rabi. A harkarku ta sola ma an taɓa yin wannan rigimar a 2018, farantan sola a ƙarƙashin 8541 babu juti, sai aka ce masu wani ɗan ƙarfen lantarki a jiki ai janareto ne a mayar da su 8501 mai kashi 5, ƴan kasuwa suka yi ta kuka. Kuma faranti daban, batir daban, inbata daban, kowanne da lambarsa da kuɗinsa, in ejan ya tattara su duka ya rubuta "kayan sola" a lambar da babu juti don ya burge ka da arha to ranar da aka buɗe kwantena aka ga batura sai an sake lissafi, a baka takardar cikon kuɗi, kwanaki su tafi.

Na taɓa karɓar aikin wani bawan Allah da irin haka ta faru da shi, wanda ya fara masa aikin ya rubuta adadin katan a rasit daban, a jerin kaya daban, takardar jirgi kuma nauyinta bai yi kama da ko ɗaya ba. Ba ma wai ha'inci ya yi niyya ba, sakaci ne kawai na wanda ya saba da zamanin da ba a haɗa takardu a gwada. Sai da muka koma wa mai kaya a Chana ya gyara, aka koma kamfanin jirgi suka gyara nasu da kuɗi, kwana goma sha wani abu suka tafi a kan abin da minti biyar na karatu zai hana.

Layukan da na ambata kuwa, kore shine wuce abinka, ruwan ɗorawa a duba takardu kawai, ja a buɗe kwantena ko a saka ta a sikana, shuɗi kuma a sake ka yanzu amma za a biyo ka har ofis daga baya a duba littattafanka. Na'ura tana zaɓa ne bisa irin kayan da ƙasar da suka fito da tarihin mai kayan da tarihin ejan ɗinsa. A nan ne shigo da kaya da sunanka yake da amfani. Duk shekarun da ka yi kana bi ta kago, a wajen na'ura baka taɓa shigo da ko allura ba, sunan mai kagon ne yake tara tarihi, kai baƙo ne, baƙo kuma dole a bincike shi. To in ka ci gaba da aron sunan kamfanin wani don gudun wahalar TIN, har abada baƙo zaka zauna, kuma in mai sunan ya yi laifi a wata kwantenar da ba taka ba taka ma zata sha bincike.

To amma kar in ɗora maka laifin duka, ba adalci bane. Akwai inda gyaran bai kai ba kuma mu da muke ciki mun fi kowa sani.

Na farko dai kwastam ba ita kaɗai ce a tasha ba. Akwai hukumar tashoshin ruwa, akwai SON, NAFDAC, masu kula da tsirrai da dabbobi, NDLEA, jami'an tsaro, ga kamfanin jirgi ga masu tasha ga banki, kowa da shafinsa na intanet da lambar sirrinsa, wani ma har yau sai ka buga takardar ka kai masa da hannu ya buga hatimi. Wato an ɗauki layin da ake bi a tsaye an mayar da shi layi a kwamfuta, bayani ɗaya ka shigar da shi sau biyar a wuri biyar. Maganin wannan shine abin da ake kira taga ɗaya, ka shigar da bayaninka sau ɗaya duk hukumomin su gani a lokaci guda kowa ya sa hannu daga ofishinsa. Singafo ta yi nata tun 1989, Ghana ta haɗe nata a tsarin ICUMS a 2020, mu kuma a Afrilun 2024 shugaba Tinubu ya ƙaddamar da aikin namu. Ni a ganina wannan ya fi canza manhajar kwastam muhimmanci nesa ba kusa ba, kuma wahalarsa ba ta injiniyoyi bace, wahalarsa ita ce kowace hukuma ta yarda ta saki hatiminta, kasan mai riƙe da hatimi baya son a ce ba sai an zo wajensa ba.

Na biyu buɗe kwantena da hannu. In mafi yawan kaya ja suke faɗawa to saurin da aka samu a takarda ya tafi a banza, don sai tasha ta ɗauko kwantenar ta ajiye a filin dubawa wanda shi kansa sai ka kama rana ka jira, a tara jami'ai, lebura su sauke su mayar. Sikana tana gama wannan cikin mintuna in tana aiki kuma in an yarda da abin da ta nuna. Sannan ga alat, kaya sun gama komai sai wani sashe ya danna musu tsayawa a na'ura, sai ka je ka warware da shi, ka fito wani ma ya danna. Alat ɗin yana da amfani in akwai dalili, da shi ake kama makamai da ƙwayoyi, amma in ya yi yawa ya zama tebur ɗin da aka ce an cire ne ya dawo ta taga.

Na uku saba, wato babbar kwamfutar da kowa ke aiki ta kanta, da netwok. Ranar da saba ta faɗi kowa ya zauna, ba a shigar da SGD ba a ganin biyan banki ba a fita get, kuma damareji baya tsayawa don saba ta faɗi, wannan yana ci min rai ƙwarai, laifin ba naka ba amma kai zaka biya. Duk lokacin da aka sauya daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa kuwa sai an sha irin wannan kafin abu ya zauna, mun gani a kowane sauyi.

Akwai kuma wani abu da kwamfuta ta kawo wanda da babu shi da wannan zafin, canjin dala. Juti da naira ake biya amma da dala ake lissafa kaya, kuma canjin da ke cikin na'ura daga Babban Banki yake zuwa. A farkon 2024 sai da ya tashi daga naira ɗari tara da wani abu a dala ɗaya ya haura 1,400 cikin ƴan kwanaki, mutum ya kwana da lissafi ya tashi da wani. Masu motoci su ma sun ɗanɗana nasu a 2022 da aka fara ƙimanta mota da lambar jikinta wato VIN, na'ura ce ke faɗin kuɗin ba jami'i ba, ejan-ejan a Legas har yajin aiki suka yi sai da aka zauna aka sake duba ƙimar. Ni dai ra'ayina tsarin VIN ɗin daidai ne a asali, mota iri ɗaya shekara ɗaya bai kamata wani ya biya rabin na wani don ya san mutane ba, kuskuren shine farashin da aka fara zubawa a ciki.

Ita hukuma me ta samu? Da yawa. Da jami'i sai ya bi fayil ɗaya ɗaya, yanzu daga Abuja ana ganin abin da aka shigar a Apapa da Onne da filin jirgin Malam Aminu Kano a lokaci guda, ana ganin wa ya taɓa takarda da ƙarfe nawa, rasit ɗin banki na bogi da aka sha fama da shi a da ya mutu tunda kuɗi sai ya nuna a na'ura. A 2023 kwastam ta tara naira tiriliyan 3.2, a 2024 ta tara 6.1, sai dai kar a ce duk aikin kwamfuta ne, faɗuwar naira ta taka rawa babba a wannan ninkin, duk mai gaskiya zai faɗa maka haka.

Abin da zan ce ka yi a kwantena ta gaba. Ka buɗe Fom M da sunanka kafin a loda, kar ka yarda mai kaya ya ce "mu loda takardu sa biyo baya". Ka sa ya turo maka hoton rasit da jerin kaya da daftarin takardar jirgi tun kafin jirgi ya tashi, ka zauna da ejan ku gwada su layi layi, suna da adadi da nauyi da lambar kwantena da lambar Fom M. Ka tambayi ejan lambar HS ta kowane kaya ka rubuta a littafinka, tarif ɗin a buɗe yake a intanet yaronka ma zai iya duba maka. In kana shakkar wata lamba, tun 2024 kwastam ta fara bada hukunci tun kafin a shigo da kaya, ka rubuta musu bayanin kayan su baka amsa a rubuce wadda za a yi aiki da ita a tasha, ga mai shigo da kaya iri ɗaya kullum irinka wannan ba ƙaramin sauƙi bane. Akwai kuma tsarin amintattun ƴan kasuwa na AEO da aka ƙaddamar a 2025 zamanin Bashir Adewale Adeniyi, wannan sai ka tara tarihi mai kyau da littattafai tsaf tukuna, amma can ya kamata ka dosa.

Kuma don Allah ka daina ba ejan kuɗi dunƙule ka ce "ka fito min da ita". Ka ce ya turo maka takardar lissafin da na'ura ta fitar, ka biya jutin da kanka ta banki, ladansa daban kuɗin jirgi daban kuɗin tasha daban kowanne da rasit. Ejan na kirki ba zai ji haushi ba, ni kaina na fi son haka don babu zargi. Wanda ya fara kame kame kuma ka san dalili. Amfaninsa na biyu shine in an tare motarka a hanya tsakanin Legas da Kano, lambar SGD ɗinka da shaidar biya suna wayarka, ana bugawa a na'ura za a ga abin da aka bayyana da abin da aka biya, in sun yi daidai da abin da ke cikin mota bakinka yana da ƙarfi.

Sannan ka bincika maganar tashar tudu ta Dala da ke Zawaciki wadda aka buɗe a Janairun 2023, ga ta Kaduna tun 2018 ga ta Funtuwa. In tun a Chana aka rubuta a takardar jirgi cewa can kayan zasu sauka, kwantena tana tahowa a rufe da hatiminta a yi fiton a kusa da kai, kana iya zuwa da ƙafarka ranar dubawa maimakon ka dogara da waya. Ka sa ejan ya lissafa maka kuɗin hanyoyin biyu a rubuce kafin ka zaɓa, don wani lokacin kuɗin ɗaukowa yana cinye ribar. In ka samu dama ka turo min ranar da PAAR ɗin waccan kwantenar ta fito da ranar da jirgin ya sauke da ranar da aka biya juti da ranar da ta fita get, ranakun nan huɗu kaɗai sun isa in nuna maka a hannun wa sati ukun suka maƙale.